Guéné: Yadda ake haɗa faifan tayar da kwamfuta, da dalilin da ya sa kwafi kaɗai ba ya aiki

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Wadda ta gaje ta kuma, wato Windows 11, ba ta hawa kan kowace kwamfuta. Hakan ya bar masu tsofaffin kwamfutoci da buƙatar sake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda masu gyara ke kira sistem, kuma wannan aiki ba ya yiwuwa sai da faifai ko filash mai iya tayar da kwamfuta.

Batun ya shafi garuruwa irin su Guéné kai tsaye. Garin ɗaya ne daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori, kuma yana kan babbar hanyar RNIE 2 da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Parakou da Kandi, ta dangana da gadar kogin Isa mai kallon Gaya, tafiyar sama da kilomita 700. Gwamnatin Benin ta mayar da neman takardu da dama kan intanet: takardar haihuwa da katin CIP na hukumar ANIP, takardar shaidar rashin laifi, da sakamakon jarrabawar CEP da BEPC da BAC. Wanda ba shi da kwamfuta da firinta, shagon buga takardu yake zuwa. Idan kwamfutar shagon ta ƙi tashi, aikin mutanen unguwa ne ya tsaya, ba na mai shago kaɗai ba.

Rufe gadar Malanville da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya kuma mayar da masu ƙetarawa kan jiragen ruwa, ta yadda ɗaukar kwamfuta zuwa wajen mai gyara a tsallake ya zama ɗawainiya. Haɗa faifan tayarwa aiki ne da mai shago ko malamin makaranta zai iya yi da kansa, muddin ya fahimci abu guda: kwafar fayil ɗin ISO a kan faifai daban, ƙona shi a matsayin hoton faifai daban.

Mene ne fayil ɗin ISO?

Idan mutum ya sauke Windows ko Linux daga intanet, abin da yake samu fayil ne guda ɗaya mai girma, wanda sunansa ke ƙarewa da .iso. Ana kiransa hoton faifai, duk da cewa ba hoton kallo ba ne. Kwafin faifai ne sukutum, daga gurbin farko zuwa na ƙarshe, kowane abu a daidai inda ya kamata ya zauna. Sunan ya fito ne daga ƙa'idar ISO 9660 da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 1988, wadda ta tsara yadda ake jera bayanai a faifan CD.

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, faifai a rabe yake zuwa ƙananan gurabe masu lamba, kowane gurbi na ɗaukar bait 2,048. Gurbi na 16 ne ke ɗauke da bayanin faifan da hanyar zuwa jerin fayilolinsa. A farkon 1995 kamfanonin IBM da Phoenix Technologies suka ƙara wata ƙa'ida mai suna El Torito, wadda ta tanadi cewa a gurbi na 17 za a ajiye alamar da ke nuna wa kwamfuta inda ƙaramar manhajar tayarwa take. Tun daga lokacin ne faifan CD, daga baya kuma na DVD, ya samu ikon tayar da kwamfuta shi kaɗai.

Me ya sa kwafi ba ya tayar da kwamfuta?

A lokacin da aka danna makunni, Windows ba ta riga ta farka ba. Abin da ke aiki wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a babban allon cikin kwamfutar, wadda ake kira BIOS a tsofaffin na'urori, UEFI a sababbi. BIOS kamar ɗan aiken da bai iya karatu ba ne, wanda aka ce masa ya je rumfa ta 17 ya karɓo saƙo. Idan ya je bai tarar da komai ba, ba ya zagaya kasuwa yana tambaya. Komawa yake yi ya ce babu.

Wanda ya ja fayil ɗin ISO ya sauke a kan faifai kamar yadda ake saka waƙa ko fim, ya yi daidai da ɗan kasuwar da ya ajiye dilar kaya a ƙuryar shago ba tare da ya kwance ta ba. Kayan duk suna ciki, amma rumfa ta 17 wayam take. Ƙona hoton faifai kuwa shi ne kwance dilar a shimfiɗa kowane gurbi a mazauninsa.

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan ruɗarwa. Manhajoji irin su WinRAR kan nuna fayil ɗin ISO da tambarinsu, sai mutum ya zaci fayil ne da aka matse, ya buɗe shi, ya kwashi abin da ke ciki ya ƙona a faifai. A ido komai ya yi daidai, amma alamar El Torito ba ta cikin fayilolin da ake gani, saboda haka ba ta biyo su ba. Irin wannan faifai ma ba ya tayar da kwamfuta.

Gwajin farko mai sauƙi ne. A buɗe faifan bayan an gama. Idan fayil ɗaya tak aka gani mai .iso a ƙarshe, an yi asarar faifai. Idan na Windows ne kuma aka ga manyan fayiloli masu suna boot da efi da sources tare da setup.exe, alama ce mai kyau, sai dai tabbacin ƙarshe shi ne a gwada tayar da kwamfuta da shi.

Daga ina ya kamata a sauke shi?

Daga shafin masu manhajar kaɗai: na Microsoft idan Windows ce, na Linux Mint ko Debian ko Ubuntu idan Linux ce. Sauke ainihin fayil ɗin Windows kyauta ne, lasisin amfani da ita ne ake biya. Fayilolin da ke yawo daga waya zuwa waya da sunan Windows mara nauyi ko wadda ba ta buƙatar lasisi, wani ne ya buɗe su ya sauya abin da ya ga dama. A watan Yunin 2023 kamfanin tsaron kwamfuta Doctor Web ya sanar da gano wasu fayilolin Windows 10 na sata da aka ɓoye wa ƙwayar cuta mai sace kuɗin kirifto. A shagon da ake sikanin katin shaida da takardun haihuwar jama'a, irin wannan araha ba ta ado.

Kafin a kashe data, akwai abubuwan lura. Fayil ɗin Windows 10 na ƙarshe mai bit 64 da na Windows 11 duk sun haura gigabait 5. Mahaɗin saukewa da Microsoft ke bayarwa sa'o'i 24 kawai yake aiki, don haka wanda ya fara a wurin da sabis ke rawa zai iya wayar gari mahaɗin ya mutu. Wanda zai sauke a waya kuma ya sani cewa katin memori mai gigabait 32 zuwa ƙasa yawanci yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Gara a ajiye shi a cikin wayar kanta. Sai harshe: shafin zai tambayi wanda ake so, kuma abin da aka zaɓa shi zai fito a allon. Shago a Guéné ko Gaya zai fi buƙatar Faransanci, na Kamba ko Kumasi Ingilishi. Fayil ɗaya da aka sauke da kyau zai iya yi wa kwamfutoci masu yawa aiki.

Bayan saukewa sai tantancewa. Kowane fayil na da wani zanen yatsa da ake kira SHA-256, jerin haruffa da lambobi 64 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ko bait ɗaya ya sauya a hanya, jerin zai fito daban gaba ɗaya. Masu manhajar kan wallafa nasu jerin a shafinsu. A Windows ana buɗe PowerShell a rubuta Get-FileHash sannan sunan fayil ɗin, a Linux kuma sha256sum. Idan jerin biyu suka yi daidai, fayil ɗin ya iso lafiya. Idan suka saɓa, kada a ɓata faifai a kansa.

Ko shafin asali ma ana iya yi masa kutse. Ranar 20 ga Fabrairun 2016 wasu suka shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa wani fayil na bugun 17.3 Cinnamon da aka saka wa ƙofar baya. Jagoran aikin, Clément Lefebvre, ya sanar da jama'a nan take, ya kuma nemi waɗanda suka sauke a ranar su lalata fayil ɗin. Saboda irin wannan haɗari ne manyan masu fitar da Linux ke haɗa jerin da sa hannun dijital, wanda ya fi wuyar jabu.

Yadda ake ƙona faifan DVD

Kalmar ƙonawa ta samo asali ne daga yadda na'urar ke aiki: hasken leza ne ke gasa wani siririn rini a cikin faifan yana barin tabo. Masu Faransanci na cewa graver. A faifan CD-R ko DVD-R, abin da aka ƙona ya ƙonu ke nan, babu gogewa.

Da farko a duba girma. CD-R na ɗaukar megabait 700, DVD na gama-gari gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma, wanda ake rubuta wa DL, gigabait 8.5. Ke nan Windows 10 ta ƙarshe da Windows 11 ba sa shiga DVD na gama-gari, sai mai hawa biyu. Linux Mint, da ke kusan gigabait 3, tana shiga. A kuma tabbatar na'urar faifan mai rubutu ce, domin wadda aka rubuta wa DVD-ROM kaɗai a murfinta karatu kawai take yi.

Tun daga Windows 7 ba a buƙatar wata manhaja ta daban. A saka sabon faifai, a danna ɓangaren dama na maus a kan fayil ɗin ISO, a zaɓi Graver l'image disque, ko Burn disc image a kwamfutar Ingilishi. A Windows 11 zaɓin kan ɓuya a ƙarƙashin ƙarin zaɓuɓɓuka. A ƙaramar tagar da za ta fito akwai akwatin da ke cewa a tantance faifan bayan ƙonawa. A cike shi, domin shi ke sa kwamfutar ta sake karanta faifan ta gwada da asali. A Linux, manhajojin Brasero da K3b na da maɓallin ƙona hoton faifai, dabam da na faifan bayanai.

Inda manhajar ta ba da damar zaɓen gudu, a zaɓi na ƙasa, kamar 4x. A wannan gudun cikakken DVD na gama-gari kan ɗauki kusan minti 15, kuma tsofaffin na'urori sun fi karanta irinsa ba gardama. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na kashe faifan har abada, don haka ya fi kyau a yi a laftof mai cikakken caji, ko a kwamfutar tebur da ke haɗe da na'urar riƙe wuta da ake kira onduleur. Ƙurar hunturu kuma kan zauna a idon lezar, abin da ke sa na'ura ta ƙi karanta faifai mai kyau. Kafin a yanke hukunci a kan faifai, a gwada shi a wata kwamfutar.

Idan filash za a yi amfani da shi fa?

Yawancin laftof na shekarun baya-bayan nan ba su da wurin saka faifai, shi ya sa filash, wato clé USB, ya maye gurbinsa. Dokar ba ta sauya ba: jefa fayil ɗin ISO a filash ba ya tayar da komai. Ana buƙatar filash mai aƙalla gigabait 8, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge.

Manhajar da ta fi shahara ita ce Rufus, wadda Pete Batard ya fara fitarwa a Disambar 2011. Kyauta ce, ƙarama ce, ba a girka ta, kuma tana magana da Faransanci. Sababbin bugunta na buƙatar Windows 8 zuwa sama, wanda ke kan Windows 7 sai ya nemi bugu na 3.22. Ana zaɓar filash ɗin, a nuna mata fayil ɗin ISO, sannan a zo kan wurin da aka fi yin kuskure, wato Schéma de partition. Zaɓi biyu ne: MBR na tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, GPT na masu UEFI, wadda ta zama ruwan dare tun fitowar Windows 8 a 2012. Abin dubawa shi ne kwamfutar da za a gyara, ba wadda ake haɗa filash ɗin a kanta ba. Idan tana tashi, a rubuta msinfo32 a wurin bincike a duba layin Mode BIOS: zai nuna UEFI ko Hérité.

UEFI ta ɗan fi BIOS wayo. Ta iya karanta tsarin FAT32 ta nemi fayil mai suna bootx64.efi a cikin babban fayil na efi. Shi ya sa wasu ke buɗe ISO su kwafe abin da ke ciki zuwa filash, kuma wani lokaci ya yi aiki. Amma a Windows ta yanzu akwai fayil mai suna install.wim da kan wuce gigabait 4, wanda FAT32 ba ya ɗauka, sai kwafin ya tsaya a hanya. Rufus na warware wannan da kanta. Haka ma manhajar Media Creation Tool ta Microsoft, wadda ke saukewa ta kuma haɗa filash ɗin a zama ɗaya, sai dai tana buƙatar intanet mai ɗorewa. Ita kuwa balenaEtcher, da ke juye hoton gurbi bayan gurbi, ta dace da yawancin fayilolin Linux amma ba ta dace da na Windows ba.

Masu gyara da yawa sun koma Ventoy, wadda ta fito a Afrilun 2020. Sau ɗaya ake girka ta a filash, daga nan sai a riƙa kwafar fayilolin ISO a ciki kamar kowane fayil, idan an tayar da kwamfuta ta nuna jerinsu a zaɓa. Wannan bai karya dokar da aka ambata ba. Ventoy ta riga ta ajiye tata manhajar tayarwar a wani ƙaramin sashe na filash ɗin, ita ce ke buɗe dilar a madadin BIOS.

Wani abin lura shi ne filash na jabu, mai nuna gigabait 64 alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Kwafi kan tafi kamar lafiya, sai ana tsakiyar girka manhaja ya ce wani fayil ya lalace. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Linux, na cika filash ɗin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa.

Kafin a taɓa kwamfutar

Girka sabuwar manhaja kan shafe sashen rumbun ajiya da aka zaɓa. A fara kwashe takardu da hotuna zuwa wani rumbu na waje, a kuma buɗe wasu daga ciki a tabbatar suna buɗuwa. Idan rumbun a kulle yake da BitLocker, a nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48 a rubuta a takarda, domin sauya saitin tayarwa na iya sa kwamfutar ta nemi shi, kuma babu shi babu shiga. Mai shago ya kuma yi amfani da damar ya goge kwafin katunan shaidar abokan ciniki da aikinsu ya ƙare.

Game da lasisi, kwamfutocin manyan kamfanoni da suka fito da Windows 8 zuwa sama na ɗauke da mabuɗinsu a cikin babban allon, ciki har da na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Manhajar girkawa kan gano shi da kanta ta zaɓi bugun da ya dace, Famille ko Professionnel. Waɗanda suka fito da Windows 7 kuwa, mabuɗin na kan wata takarda da aka manna a jikinsu ko a ƙarƙashin batir. Yana da kyau kuma a sauke direban Wi-Fi da na firinta tun kafin a fara, don kada a gama a tarar babu hanyar shiga intanet.

Tayar da kwamfuta daga faifan

A kashe kwamfutar, a saka faifai ko filash, a kunna, a riƙa danna madannin jerin tayarwa tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo da Acer da Toshiba F12, a laftof na Asus kuma Échap, wato Esc. Daga jerin sai a zaɓi faifan. Filash ɗaya na iya fitowa sau biyu, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa, ɗaya babu, kuma a zaɓi wanda ya yi daidai da yadda aka haɗa shi. Faifan Windows kan nemi a danna kowane madanni cikin ƴan daƙiƙu, idan aka yi jinkiri sai ya wuce zuwa tsohuwar manhajar. Idan filash bai fito a jerin ba sam, a gwada wata kafa, a kuma duba ko an haɗa shi da GPT alhali kwamfutar mai BIOS ce.

Mazauna kan iyaka na da wani tarko nasu. Kwamfutar da ta shigo daga Faransa ko Beljiyam madannanta AZERTY ne, wadda ta fito daga Najeriya ko Ghana kuwa QWERTY. Idan aka zaɓi tsarin da bai dace ba yayin girkawa, A zai fito Q, Z ya fito W, lambobi kuma su koma alamomi. Wanda ya saka kalmar sirri a wannan hali zai iya kulle kansa a waje. A gwada rubutu a wurin da ake ganin haruffa kafin a saka ta. Bayan an gama, ana iya ƙara madannan Hausa, da ke cikin Windows da Linux duka, don samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ.

Idan kwamfutar ba ta ɗaukar Windows 11

Windows 11, da ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, na buƙatar ƙwaƙwalwar RAM gigabait 4, rumbu mai gigabait 64, UEFI, da guntun tsaro na TPM 2.0. A ɓangaren Intel kuma, galibi sai injin zubi na takwas zuwa sama. Rufus na iya cire wasu daga cikin sharuɗɗan, amma Microsoft ta ce ba ta ba da tabbacin ci gaba da aika gyare-gyare ga kwamfutar da aka ɗora wa ta haka ba.

Ɗaya hanyar ita ce Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta neman lasisi. Linux Mint na tashi da RAM gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki. Akwai kuma Emmabuntüs, wadda ƴan sa-kai a Faransa suka gina a kan Debian musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyoyin agaji irin su Emmaüs. Tare da ƙungiyoyin YovoTogo da JUMP Lab'Orione an yi amfani da ita wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo. Mai tsohuwar na'ura mai bit 32 ya lura cewa Debian 13, da ta fito a Agustan 2025, ta daina fitar da faifan girkawa na irin waɗannan na'urori.

Faifan Linux na da wani amfani ko ga wanda bai shirya barin Windows ba. Yana tashi ya yi aiki kai tsaye daga faifan ba tare da ya taɓa rumbun ajiya ba. Idan Windows ta ƙi tashi, ana iya shiga ta nan a kwashe takardu zuwa rumbu na waje kafin a yi fomatin, in dai rumbun ba a kulle yake ba. Ta nan ne kuma mai shago zai gwada ko firinta da sikana da Wi-Fi ɗinsa na aiki, ya buɗe takardun Word ɗinsa a LibreOffice ya ga yadda suka fito, kafin ya yanke shawara.

Faifai ko filash, wanne za a ajiye?

Filash ya fi sauri, kuma ana iya sabunta shi. Amma yana karɓar rubutu daga duk kwamfutar da aka cusa shi, kuma ƙwayar cutar nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ta filash take yaɗuwa a shagunan intanet. Filash ɗin gyara ya zama na gyara kaɗai, kada a riƙa karɓar waƙa ko takardun mutane da shi. DVD-R da aka gama ƙonawa ba ya karɓar ƙarin komai, don haka babu cutar da za ta shige shi, kuma na'urar faifai ta waje mai igiyar USB na ba da damar amfani da shi ko a laftof mara wurin faifai.

Rauninsa rana ce da zafi. A yankin Malanville zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, kuma rinin da ke cikin faifan na dusashewa idan aka bar shi a rana ko a cikin mota. A ajiye shi a gidansa, a tsaye, a inuwa. A rubuta masa suna da alƙalami mai taushin baki, musamman CD, wanda bayanansa ke dab da fuskar da ake rubutu. A rubuta sunan manhajar, harshenta, bit 32 ko 64, da ranar da aka haɗa.

Haɗa faifan tayarwa na buƙatar kwamfuta mai aiki. Wanda yake da guda ɗaya tak, idan ya jira sai ta mutu, dole ya nemi aron ta wani a Malanville ko Kandi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa faifan tun kwamfutar na lafiya, a gwada shi sau ɗaya har ya nuna allon farko na girkawa, a fita ba tare da an ci gaba ba, sannan a adana shi tare da takardar da aka rubuta mabuɗan.